Shekarar da Ban Ɗauki Hurera Aiki Ba

'Ya'yana, na san kun girma kuna jin wata magana a unguwa, wani lokaci a gabanku, wani lokaci sai kun juya baya: wai Asabe ce ta hana aminiyarta Hurera aiki a injin shinkafa, ta ɗauki baƙuwa. Maganar gaskiya ce, ni na hana ta. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi, domin a lokacin ba ni da izinin faɗa. Yanzu ina da shi, kuma gara ku ji daga bakina.

Da aka kawo ni Talata Mafara daga Birnin Tudu, sana'ar da na zo da ita gumin shinkafa ce. A jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, a turara ta a manyan tukwane, a shanya, sannan a kai inji a casa. Da wani Alhaji na garin ya kafa injinsa a bakin hanyar Bakura, ya rasa mata masu gumi da shiƙa da tsintar tsakuwa, sai aka nuna masa ni. Na je da mutum uku, kafin a jima na zama ni ke zaɓar duk macen da za ta shiga wurin. Ban taɓa rubuta komai ba wajen zaɓen. In mace ta zo, mu gaisa gaisuwa mai tsawo, in tambayi gidansu da na mijinta, sai in miƙa mata faifai da shinkafar da na zuba wa tsakuwa da hannuna. Ba tsakuwar nake dubawa ba sosai. Ina duba ko za ta ɗaga kai in wani ya wuce, ko za ta share abin da ya zube, da kuma yadda za ta ajiye faifan in ta gama. Na yi shekaru ina haka, har na yarda a raina cewa in na kalli mace rabin yini na gama saninta.

Hurera ita ce ta farko da na zaɓa. 'Yar Garbadu ce, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Bello. Ba ta da yawan magana, amma tana da wata baiwa: ta ɗauki ƙwayar shinkafa daga wurin shanya ta ciza, ta ce a kwashe, ko ta ce a bar ta ta ƙara shan rana har la'asar. In aka bi maganarta shinkafa ba ta karyewa a inji. Tare muka yi goyo, ni da Zainab tawa, ita da Bello, tare muke cin abincin rana a faranti ɗaya a inuwar shago.

Shekarar da nake ba ku labari, abubuwa biyu suka canza mana aiki. Na farko, hanyoyin ƙauyukan Maradun suka lalace da rashin tsaro, manoman da muka sani suka daina kawo shanshera a kan babura da jakuna kamar da. Sai Alhaji ya koma sayo ta daga nesa a manyan motoci, buhu ɗari-ɗari, ba wanda ya san gonar da ta fito ko ranar da aka yanke ta. Na biyu, ɗansa Nasiru ya dawo daga karatu, ya shawo kan uban aka kawo sababbin injuna. Aka kafa wata babbar tukunyar ƙarfe mai dafa shinkafa da tururi, da ɗakin busarwa wanda ba ruwansa da rana ko hadari, da wani inji da suka ce yana da ido. Ranar da aka tada shi ban yi aikin komai ba. Na tsaya ina kallon shinkafa tana gangarowa kamar ruwa, shi kuma yana hura iska fit, fit, yana fitar da baƙar ƙwaya da tsakuwa ɗaya-ɗaya. Na tambayi mai haɗa injin ta ina yake gani, ya nuna mini wani ɗan gilashi. Na leƙa ban ga komai ba sai fuskata. Na ce masa to wa ya koya masa bambancin baƙi da fari? Ya yi mini bayani, rabi na gane, rabi na bar shi.

Sai da na koma gida na yi lissafin abin da na gani. Mu ashirin da shida ne mata a wurin, kuma injin nan ya yi aikin yininmu kafin azahar.

Bayan kwana biyu Nasiru ya tara mu ya ce mata takwas kawai za a riƙe a sashen gumi. Ya ce za a yi jarrabawa a takarda, kuma ba mu kaɗai ba, duk macen garin da ke so ta zo ta zauna, wadda ta fi maki ita za a ɗauka. Alhaji yana gefe yana jan carbi. Abin da ya ƙara kawai shi ne, Asabe za ta zauna tare da kai, ba a sa sunan kowa sai da yardarta.

A gida, babanku ya saurare ni har na gama, yana gyara zaren kekensa na ɗinki, sannan ya ce:

"Ki cire hannunki. Takwas za su gode maki kwana guda, sha takwas za su riƙe ki har kabari."

Zainab, ke kuma a lokacin kina karatun malanta, kika ce takarda ta fi adalci, don takarda ba ta san ɗiyar wa kake ba. Na ji zafin maganar, domin na gane da ni kike. Na kwana biyu ina juya ta. Gaskiya ne, a duk shekarun nan ban taɓa ɗaukar macen da ban san gidansu ba. Ban kira shi son kai ba, na kira shi sanin mutane. Cikin makon kuma gidanmu ya cika da gaisuwa. Mace ta zo ta tambayi lafiyar kowa har awaki, ta ajiye ƙullin daddawa ko kuka, ta tashi ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Duk na sa aka mayar musu. Hurera kaɗai ba ta zo ba.

Abin da ya fi damuna ba tsoron mutane ba ne, son sani ne. Ina so in ga mene ne a cikin takardar nan da zai nuna wa Nasiru mace a awa ɗaya. Na yi makarantar yaƙi da jahilci, ina karatu da rubutu da Hausa, don haka na ce masa ya ba ni in gwada kafin kowa. Ya yi dariya ya ba ni. Akwai lissafin tanki mai cika da tanki mai yoyo, akwai kalmomin Turanci, akwai wasu zane-zane da aka ce a faɗi wanda zai biyo baya. Zanen ya burge ni, na daɗe a kansa kamar mai wasan dara. Da ya duba, ya rasa yadda zai gaya mini, sai na taimake shi na ce na faɗi ko? Ya ce ba za a ce faɗuwa ba ce, amma ba na cikin takwas. Sai na ce masa:

"To ɗana, nuna mani tambayar da za ta hwaɗa maka ko mace za ta bar wuta ta tahi hira."

Ya juya takardar gaba da baya. Yaro ne mai kunya amma ba ya ƙarya. Ya ce babu. Sannan ya ce:

"Inna, ke ma nuna mani yadda faifanki zai hwaɗa maki ko mace za ta iya karanta ma'aunin tururi."

Ni ma babu. Muka zauna muna kallon juna, shi da takardarsa, ni da faifaina, kowa yana auna aikin da ba shi ne za a yi ba. A nan muka shirya cewa za a yi takardar, tunda an riga an sanar, amma ba ita za ta yanke hukunci ba. Duk wadda ta zo za ta yi kwana uku a kan aikin kansa: da safe mai haɗa inji ya koya, da rana kowa ta yi muna kallo. Abu uku za a duba. Ta iya gane danshin shanshera, da na'urar aunawa ko ba da ita ba. Ta iya tsayawa gaban tukunyar tururi, ta lura da allurar ma'auni, ta rufe famfo da zarar allurar ta taɓa jan layi. Sannan ta iya sa alamar kowane dahuwa a allo don na bayanta ta gane. Mai haɗa injin ya ja kunnenmu a kan na biyun. Ya ce tururin nan in ya wuce ƙa'ida ba shinkafa kaɗai yake dafawa ba, kuma mutum huɗu ne ke tsaye kusa da tukunyar a kowane lokaci.

Kwana ukun nan sun koya mini abin da shekaru ba su koya mini ba. Yarinyar da ta zo ta ɗaya a takarda ta gane komai tun safiyar farko, amma zuwa rana ta biyu ta gaji da tsayuwa, idonta yana kan wayarta. Wata Lami daga Jangebe, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta haddace siffar lambobin kamar yadda ake haddace fuskokin dangin miji, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Sai kuma Rifkatu, Kirista ce, matar wani ma'aikacin gwamnati da aka turo garin. Ba ta taɓa gumi ba, ranar farko ta riƙe faifai kamar mai riƙe tire. Da ni kaɗai ce mai zaɓe, da ko zama ban ce ta yi ba. Amma matar nan ba ta jin kunyar tambaya. Ta tambayi mai inji, ta tambaye ni, ta bi Hurera wurin buhuna tana cewa Mama ki nuna mani, tana rubutawa a ɗan littafinta. Da ruwa ya zube kusa da wayar wuta, ita ta fara gani, ta share ba wanda ya sa ta. Na kama kaina ina duban ta da irin idon da nake duban masu faifai, na ga duk abin da nake nema yana nan, gidansu ne kawai ban sani ba.

A gwajin danshi kuwa, Hurera ta ba kowa mamaki sai ni. Nasiru ya auna da na'ura ya rufe lambar da tafinsa, ita ta ciza ƙwaya ta ce wagga ta bushe, wagga da saura, wagga ta wuce. Ya buɗe hannu, haka ne. Ya sake, ya sake, har ya manta da sauran mata. A wani buhu suka saɓa, na'ura ta ce ya bushe, ita ta ce a'a. Ta zura hannu har gwiwar hannu ta ɗebo daga tsakiya ta ba shi. Ya auna, ya ɗago yana kallonta. Ya tambaye ta me take ji a haƙorin, ƙara ce ko tauri? Ta ce ita ma ba ta sani ba, ji dai take.

Rana ta uku aka zo kan tukunyar tururi. Hurera ta tsaya, hannunta a kan famfo. Allura ta hau, ta hau, ta taɓa ja, ba ta motsa ba. Sai da ƙarar tukunyar ta canza sannan ta rufe. Nasiru ya ce rashin sabo ne, a sake. Aka sake, haka. A na uku ban kalli allurar ba, na kalli ita. Fuskarta tana fuskantar ma'aunin, amma ta karkatar da kai gefe, kunnenta ne ke aiki. Na tuna ashe ta daɗe ba ta zura mini zare a allura ba in na roƙe ta, tana cewa hannunta da danshi. Na tuna ta daina tafiya gida ita kaɗai in rana ta yi sanyi.

Da aka tashi sallar azahar na bi ta bayan shago inda muke alwala. Na jira kowa ya tafi, na ce:

"Ƙawa, tun yaushe?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta ce damina biyu ke nan. Ta ce kamar hayaƙi ne ya cika ɗaki, kullum yana ƙaruwa, idon dama ya fi. Tsakuwa da yatsa take tsince ta, ni kuma da fararen mayafina take gane ni daga nesa. Ni da nake cewa rabin yini ya ishe ni in san mace, shekara biyu ina cin abinci da ita a faranti ɗaya ban gani ba. Ta kama hannuna da hannunta mai jiƙe ta roƙe ni abu biyu. Na farko in sa sunanta, ta ce za ta koyi muryar tukunyar kamar yadda ta koyi shinkafa, in ba ta wata guda kawai. Na biyu kada in gaya wa kowa. Ta ce in Bello ya ji, zai zo daga Gusau ya kwashe ta ya ajiye a ɗaki a gidan matarsa, a riƙa kawo mata abinci ana yi mata magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Ta ce gara ta mutu a ɗakinta.

Na ce mata na biyun na ɗauka, amana ce. Na farkon ban amsa ba.

Da la'asar muka zauna da Nasiru a ofis. Bakwai ba mu yi gardama ba, har da Lami. A na takwas ya rubuta Hurera da hannunsa. Ya ce irin wannan baiwar ba a sayenta, jinkirin famfo kuwa kwana kaɗan zai gyaru. Shi mai takarda shi ne ke son ta, ni aminiyarta ina zaune alƙalami yana jirana. Abin da zan yi kawai in yi shiru. Na duba ta taga, na ga tukunyar da wurin da mutum huɗu za su tsaya, na ga Lami tana ɗaure goyonta. Na ce masa ya goge, ya sa Rifkatu. Ya tambayi dalili. Na ce Alhaji ya ce sai da yardata, kuma ban yarda ba. Ya sake tambaya, a hankali, ko wani abu ya shiga tsakaninmu. Na ce ya goge dai.

Na nemi a ba ta wani wuri a bakin ƙofa inda ake sauke buhuna, ta riƙa gwada shanshera. Alhaji ya yarda, amma ita ta aiko a ce ba ta cin sadakar aiki. Ban san wanda ya fitar da maganar ofis ba, amma kafin Juma'a duk unguwa ta san cewa ɗan Alhaji ya so Hurera, Asabe ta ƙi, ta fifita baƙuwa wadda ko sallarmu ba ta yi. Wasu suka ce hassada ce, don an yabi haƙorin Hurera a gabana. A wani suna da na je, na zauna a tabarma, mata suka riƙa tashi ɗaya-ɗaya kamar ana kiransu. Babanku ya tambaye ni sau ɗaya, na ce amana ce, bai sake ba, kuma bai taɓa cewa ai na gaya miki ba. Ke Zainab, da kika ce takarda ta fi adalci, ke ce kika fi kowa fushi. Kin yi kwanaki kina kawo mini abinci ba kya zama. Na ga wannan, ban yi miki bayani ba, yau ga shi.

Kada ku ɗauka na tabbata na yi daidai. Har yanzu ina tambayar kaina ko da ta koyi muryar tukunyar. Mai yiwuwa da ta koya, mace ce da ke jin abin da ba ma ji. Na taɓa rufe idona a gaban tukunyar in gwada, na rufe famfo a makare sau biyu, sau ɗaya daidai. Wannan bai nuna mini komai a kanta ba. Abin da na sani shi ne ba jikina kaɗai zan sa a gwajin ba. Daga shekarar nan kuma ban sake tambayar mace ɗiyar wa ce ba kafin in ga aikinta, Nasiru ma bai sake ɗaukar kowa da takarda kaɗai ba. Rifkatu ta kai ga ita ke koya wa sababbi.

Hurera ta koma gumi a gida da tukunya ɗaya. In muka haɗu a hanya na gaishe ta, ta amsa gaisuwar duka, har ta tambayi yara, amma ba ta tsayawa. Haka muka yi kusan shekara uku. Idon ya ci gaba har ta kasa ɓoyewa, ta faɗa wa Bello da bakinta. Bai kwashe ta ba. Ya kai ta asibiti, likita ya ce yanar ido ce, ana cirewa, kuma da an zo tun da wuri da ba ta sha wannan wahala ba. Da labarin ya iso ni na zauna na rasa wanda zan yi wa fushi, ita da ta ɓoye, ko ni da na taya ta.

Da aka dawo da ita gida bayan aikin idon, ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a bakin gado, an cire audugar, Bello ya saya mata baƙin tabarau amma ta ajiye shi a cinya. Muka gaisa, ya jiki, ya hanya, ya mutanen Gusau. Ta ce ta ji ina rubuce-rubuce don yara, in na zo kanta in faɗi duka, ta ɗauke mini amanar. Ta ce amma kada in rubuta cewa ta gode mini, don ba ta gode ba, har yanzu tana ganin da ta iya. Na ce ba zan rubuta ba. Sai ta ce in matso wajen haske. Na matso. Ta daɗe tana dubana, daga goshi har haɓa, kamar mai duba baƙuwa, sannan ta ce:

"Asabe, ashe haka kika tsufa ba ki hwaɗa mani ba?"

Na ce ita ma ta nemi madubi kafin ta yi wa wani magana. Ta ce ta riga ta duba, shi ya sa ta kira ni, don kada ta zama ita kaɗai. Ta gyara zama ta ba ni wuri a bakin gadon, na zauna.